Babi na Shida: Ƙafa Kafin Kunamar Bindiga

Sojan da ke cikin Call of Duty na farko, wanda kamfanin Infinity Ward ya fitar a watan Oktoban 2003, bai iya sheƙawa da gudu ba. Yana tafiya, yana durƙusawa, yana kwanciya rub da ciki, yana ɗan leƙe ta bayan bango, shi ke nan. Shekara 21 bayan haka, a Black Ops 6 na 2024, jikansa yana gudu da baya, ya yi sufa ta gefe, ya faɗi a gadon bayansa yana juyi yana ɓarin wuta. Harsashi yana nan yadda aka san shi. Ƙafa ce ta canja, kuma a kan ƙafar nan masu buga wasan suka fi shekara 10 suna kai ruwa rana da masu yin sa.

Abin ya zo ne sannu a hankali. A Modern Warfare na 2007 gudu ya zauna daram a cikin wasan, amma da sharaɗi: muddin kana gudu bindigarka tana ƙasa, kuma kafin ka ɗago ta akwai ɗan lokacin da duk wanda ya gan ka ya gama da kai. Black Ops na 2010 ya kawo sufa. Ghosts na 2013 ya kawo zamiya, wato ka taho da gudu ka zube a gwiwa ka sulale. Sai shekarar 2014 ta zo da nata. Jason West da Vince Zampella, waɗanda suka jagoranci Infinity Ward kafin uwar kamfanin, Activision, ta kore su a 2010, sun kafa kamfanin Respawn, wanda ya fitar da Titanfall a watan Maris, inda soja ke gudu a jikin bango kamar ƙadangare ya tsallaka rufin gidaje. Kafin shekarar ta ƙare Call of Duty ya fito da Advanced Warfare, sojoji sanye da ƙarafa masu cilla mutum sama. Black Ops III na 2015 ya ƙara da gudu a bango. Da aka saki tallan Infinite Warfare a 2016, aka ga yaƙin ya koma sararin samaniya, sama da mutum miliyan 3 suka danna alamar ba sa so a YouTube. Activision ta ji a jikinta. A 2017 ta mayar da kowa Yaƙin Duniya na Biyu, takalmi a ƙasa.

Wanda bai san wasan ba zai ce mene ne abin faɗa don an ƙara wa soja ƙarfin ƙafa. Ya tuna langa. Daɗin langa duk yana cikin ƙafa ɗayan nan da aka riƙe da hannu. Saboda ita ne ake dabarar tare hanya, ake kare ruwa, ake sanin wanda ya iya ture da wanda ya iya gociya. Ranar da aka ce kowa ya saki ƙafarsa, an ƙara wa kowa sauri, amma langa ta tashi, saura guje-guje. Filin wasan harbi ma a kan iyakar ƙafa ake gina shi. Mai zana fili yana lissafin sakan nawa zai ɗauki mutum daga wannan ƙofa zuwa waccan, daga ina za a hango shi, ina zai fake. Idan soja ba ya tashi sama, ka san abokin gaba ta ƙofa zai ɓullo ko ta taga, sai ka tsare su. Idan yana tashi, kowane rufi ya zama ƙofa, sanin fili ya rage daraja, saurin yatsa ya hau sama. Masu buga Halo, wanda ya fara fita a Xbox a 2001, sun fi kowa daɗewa a wannan gardama: tun da aka kawo musu gudu a Halo: Reach na 2010 suka rabu gida biyu, har ta kai sabon zubin wasan farko da aka sanar a 2025 ya zo da gudu tare da maɓallin kashe shi ga wanda ba ya so.

Sai dai abin da ya fi sauya Call of Duty ba kamfanin ne ya tsara shi ba. A Modern Warfare na 2019 an saka gudun gaggawa, wanda ya fi na kullum sauri amma yake ƙarewa bayan 'yan sakanni, sai ka jira ya dawo. 'Yan wasa suka gano cewa idan ka fara zamiya ka katse ta tun ba ta kai ƙarshe ba, gudun gaggawar yana dawowa nan take. A fad ɗin PlayStation, abin da hannu ke yi shi ne: babban yatsan hagu ya tura analog gaba ya danna shi ciki, na dama ya buga maɓallin da'ira sau biyu, ya koma kan mai alamar giciye, sannan a sake daga farko. Ana yin haka ne ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Da Call of Duty: Warzone ya fito kyauta a ranar 10 ga Maris, 2020, daidai lokacin da korona ta kulle duniya a gida, miliyoyin mutane suka tarar da cewa wanda bai iya katse zamiya ba nama ne. Kamfanin ya toshe dabarar a 2022, ƙwararru suka yi ca a kansa cewa ya mayar da wasan na tsofaffi. Ya dawo da ita a 2023. A Black Ops 6 na 2024 aka buɗe ƙofar gaba ɗaya da tsarin gudu da zamiya da sufa ta kowace fuska, a Black Ops 7 na Nuwamban 2025 kuma aka ƙara da dukan bango a yi tsalle.

Duk wannan gardamar a Amurka da Turai ake yin ta, tsakanin mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa. Mu zo gida.

Wudil tana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birni. Da yawa sun fi sanin ta da gadarta da kasuwar shanun ranar Juma'a, amma gari ne na ɗalibai: ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda kafin 2022 ake kira da sunan Jihar Kano, ga Makarantar Horar da 'Yan Sanda. Inda samari suka taru da wayoyi a hannu, gem ba ya nisa. Gidan gem a unguwa irin Sabon Gari bai bambanta da na sauran garuruwan Arewa ba: shago ɗaya, talabijin biyu ko uku a jikin bango, benci, fanka, janareta a bakin ƙofa. Ƙwallo ce sarauniya a ciki, domin wasanta na da farko da ƙarshe a cikin 'yan mintuna, mai shago ya san abin da zai karɓa, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Bayan ta sai dambatawar Mortal Kombat da yawon GTA. Wasan harbi yana samun shiga ne idan akwai tsohon faifan da ke raba allo biyu ko huɗu, irin Black Ops II a PlayStation 3 ko Black Ops III a PlayStation 4, abokai su zauna kafaɗa da kafaɗa suna harbin juna, kowa yana satar kallon ɓangaren ɗan'uwansa yana rantsuwar bai kalla ba.

Ka ɗauki fad ɗin gidan gem ka duba. Robar kan analog ta cinye, wani lokaci saura ƙarfe ko tsurar leda. Ka ajiye shi a kan benci ba ka taɓa komai ba, ka ga soja a allo yana juyawa hagu shi kaɗai, saboda 'yan na'urorin da ke auna motsin analog a ciki sun goge. Ɗan ƙwallo zai iya lallaɓawa da irin wannan fad. Mai katse zamiya ba zai iya ba, kuma shi ne ma ya fi saurin kashe fad, tunda danna analog ciki ɗari bisa ɗari shi ne aikinsa. Ga kuma matsalar da ke jikin hannun ɗan Adam: babban yatsan dama shi ke saiti, shi ne kuma ke buga da'ira da giciye, kuma ba zai kasance wuri biyu a lokaci ɗaya ba. Duk sanda ya tafi zamiya, saiti ya zama maraya. Wasu suna murɗe yatsan manuni su ɗora shi a kan maɓallan, hannu ya koma kamar ƙafar shaho. Masu hali suna sayen fad mai ƙarin maɓallai a baya, irin DualSense Edge da Sony ta fitar a Janairun 2023 a kan dala 200. A ƙarshen 2024 dala ta haura naira 1,500, mafi ƙarancin albashi a ƙasa kuma naira 70,000 ne. Fad ɗaya ya cinye albashin wata huɗu da 'yan kai. Ko faifan wasan kansa, dala 70, ya wuce albashin wata.

Amma a ce an samu fad. Akwai abin da kuɗi ba ya saya a Wudil, shi ne kusanci. Idan kana buga wasa ta intanet, ba na'urarka ce ke yanke hukunci ba. Akwai babbar kwamfuta, saba, wadda kowa ke aika mata abin da ya danna, ita kuma ta faɗa wa kowa abin da ya faru. Saƙo a cikin wayar gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a kowane milisakan. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta kilomita 7,000 ne tsakanin Legas da Fotugal. Zuwa da dawowa ya kama kilomita 16,000, wato milisakan 80, kuma wannan a bakin tekun Turai ka tsaya, ba a lissafa jinkirin turken sabis na unguwarku ba, ko cunkoson yamma lokacin da kowa ya buɗe data. Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan yana canja hoto duk bayan milisakan 17 ba kaɗan. Ke nan idan aka haɗa ka da saba a Turai, ko a ranar da netwok ya fi kyau, kana bayan duniya da aƙalla hoto biyar.

Nan ne saurin ƙafa ya zama haraji. A ce soja yana cin mita 6 a sakan, jinkirinka kuma milisakan 100 ne. Inda kake ganin sa da inda yake a gaskiya sun bambanta da santimita 60, faɗin mutum guda. Masu yin wasan suna da dabarar rage wannan: saba tana waiwayawa baya ta duba ko a lokacin da ka harba, a abin da kai ka gani, harbin ya samu. Shi ya sa wani lokaci ka shige bayan bango, ka tabbata ka tsira, sai ka ga ka faɗi. Dabarar tana aiki sosai idan mutane na tafiya a miƙe da saurin da aka sani. Idan kuwa abokin gaba zai iya zamewa hagu, ya katse, ya yi sufa dama, duk a cikin rabin sakan, to kafin labarin zamiyarsa ya iso Sabon Gari ya riga ya miƙe yana harbin ka. Ka ji yaro ya jefar da fad yana cewa, "Wallahi mutumina ni na fara harbi, netwok ne ya kashe ni." Abokansa za su yi masa dariya su ce rashin iyawa ne. Sau da yawa gaskiya ya faɗa.

Ra'ayina a nan bai da ɓoyo. Ƙwarewar da ke cikin sanin fili, da haƙurin tsare hanya, da karanta tunanin abokin gaba, kowa na iya samun ta ko da tsohon fad da rarraunan netwok. Ƙwarewar da ke cikin buga maɓalli uku a cikin ƙiftawar ido tana buƙatar kayan aiki, kuma kayan aikin ba a raba su daidai ba. Duk lokacin da aka ƙara wa soja sabon motsi, an ɗebe maki daga ta farko an zuba wa ta biyu. Kamfanin ma ya san da nauyin. A Black Ops 6 ya saka zaɓin da zai sa soja ya riƙa gudu da haure katanga da kansa ba sai ka danna ba. Wannan ya sauƙaƙa wa yatsa, bai matso da Turai kusa ba.

Ban ce masu son saurin ba su da hujja ba. Wanda ya taɓa sulalewa ta ƙarƙashin harbin mutum biyu ya tashi a bayansu ya san daɗin da ake magana, kuma irin wannan ne ke kyau a gajeren bidiyon TikTok, wanda shi ne tallan da ya fi kowane talla kawo sababbin 'yan wasa yanzu. Babu mai yanka bidiyon wani yana zaune a lungu yana jira.

Abin da ya fi zamiya yi wa gidan gem illa kuwa ba a cika maganar sa ba. Black Ops 6 ba ya buɗewa sai da intanet, ko da kai kaɗai za ka buga labarin wasan, domin wasu hotunan fili ana jawo su ne kai tsaye lokacin da kake bugawa. Girman wasan ya haura gigabayit 100, ga sabuntawa a kai a kai. Mai shagon da ke sayen fetur tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ba zai kwana yana sauke gigabayit don wasan da yara biyu za su buga ba. Zai ce, "Oga, bar ni da ƙwallona." Saboda haka sababbin Call of Duty suna wuce mafi yawan gidajen gem ɗinmu ta sama, ana kallon su a YouTube, ana buga na shekara goma baya.

Ta waya wasan ya shigo mana da gaske. Call of Duty: Mobile, wanda kamfanin TiMi na ƙasar Sin ya gina wa Activision, ya fito ranar 1 ga Oktoba, 2019, aka sauke shi sau miliyan 100 a makon farko. Kyauta ne, yana tafiya a Tecno da Infinix da Redmi masu matsakaicin kuɗi, ya kuma kwaso tsofaffin filayen da aka fi so irin Nuketown da Crash da Firing Range. Ya tarar da PUBG Mobile da Free Fire a gari, suka raba samarin. A nan ma ƙafa ce ke raba gwani da ɗan koyo. Sabon shiga yana bugawa da manyan yatsu biyu, sai ya tsaya cak kafin ya harba. Wanda ya goge ya sake jera maɓallan allonsa da kansa: na harbi ya koma can sama ta hagu ƙarƙashin manuni, na tsalle ko zamiya sama ta dama, manyan yatsu biyu suka rage wa tafiya da saiti. Yatsu huɗu a kan gilashin da bai wuce tafin hannu ba. Wasu suna saka 'yar safar yatsa, wasu su shafa hoda, don gumi yana hana yatsa sulɓi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wayar kan yi zafi har ta rage wa kanta ƙarfi don kada ta ƙone, hoto ya fara tsinkewa, sai ka ga an cire mata riga an kara ta a gaban fanka.

 

Ina wasan ya dosa? Microsoft ta kammala sayen Activision Blizzard a ranar 13 ga Oktoba, 2023, a cinikin da aka sanar a kan kusan dala biliyan 69, bayan ta sa hannu da Sony cewa Call of Duty zai ci gaba da fita a PlayStation na tsawon shekara 10. Cikin dalilan da ta bayar na sayen har da neman gindin zama a wasannin waya. Amma ƙoƙarin ɗauko babban wasan ɗungurungum a cusa shi cikin waya bai yi ba: Warzone Mobile ya fito a Maris 2024, yana neman waya mai ƙarfi da wuri mai yawa, a Mayun 2025 aka janye shi daga kasuwa, shi kuwa na TiMi mai sauƙin nauyi yana nan yana ci. A Oktoban 2025 Battlefield 6, wanda ya fi karkata ga soja mai nauyin jiki da yaƙin taron dangi, ya sayar da kwafi sama da miliyan 7 a kwana uku, a ƙarƙashin jagorancin Zampella ɗin nan da aka kora a 2010. Kafin shekarar ta ƙare masu Call of Duty suka sanar cewa sun daina jera Black Ops ko Modern Warfare shekara biyu a jere. Wanda ya bi tarihin 2014 zuwa 2017 ya san wannan rawar: a yi ta ƙara sauri har mutane su gaji, a dawo ƙasa, a sake farawa. Wasan da dole ya fito duk shekara dole ya nuna sabon abu duk shekara, kuma sabon motsi ya fi komai saurin gani a talla.

Mu a nan, ko sun tashi sama ko sun sauko, ba shi ne zai yanke mana hukunci ba. Abu uku ne: saba ta matso kusa da 'yan wasan Arewa, wasa ya yarda ya buɗe ba tare da intanet ba, ya kuma yi nauyin da wayar talaka za ta ɗauka. Black Ops 7 ya fita a PlayStation 4, na'urar da ta shigo kasuwa tun 2013, amma ba za a ɗore a haka ba, kuma ranar da aka yanke ta, yawancin na'urorin da ke gidajen gem ɗinmu sun fita daga layi. Mai gidan gem da ke da tsohon faifan da ke raba allo huɗu ya adana shi da kyau, kada ya ba da aro, domin kamfanin ya daina yin irinsa.